Koyar da Labarin Ƙasa a Kan Dutse

Sau da yawa mukan zana tuddai da kwaruruka a allo, yara su haddace, amma in ka tambaye su inda ruwan rafi ya nufa, sai su yi tsit. Maganin wannan shi ne a hau dutse da su.

Ga misali Dutsen Shere, gabas da Jos. Bisansa wajen ƙafa 6,000 ne daga teku, garin Jos kuwa wajen 4,000. Kowace ƙafa 300 da aka hau, zafi yakan ragu da kamar digiri 1 na Fahrenheit, saboda haka kowa ya zo da riga mai kauri. In kun kai ƙwanƙoli, ka shimfiɗa taswira, ka juya ta har arewarta ta fuskanci arewa. Sa'an nan kowane yaro ya nuna abu guda a ƙasa, ko hanya, ko ƙauye, ko rafi, ya neme shi a takarda.

Lokaci mafi kyau ƙarshen Oktoba ne. Da damina akwai santsi da tsawa. Ni kuwa na taɓa kai aji cikin Janairu, muka sha hawa, ba abin da muka gani sai hazo.

Ka ƙirga yaranka kafin hawa, ka sake ƙirgawa bayan sauka.