DARASI: TARKON FITILA A GARKAR TUMATIR

Lokacin noman rani ya zo. Daga Alela zuwa Ƙonni, Malbaza da Illela, manoma suna dasa tumatir. Amma akwai wata tsutsa da take iya cinye garka duka cikin ƴan kwanaki. Malaman gona suna kiranta Tuta absoluta.

Daga ina ta fito?

Asalinta Amurka ta Kudu. A 2006 ta shiga Ispaniya, daga nan ta bazu cikin Afirka, har Nijar. A 2016 ta lalata gonakin tumatir masu yawa a Kano da Kaduna, tumatir ya yi tsada ƙwarai.

Yaya take ɓarna?

Uwarta ƙaramin ƙwaro ne mai fiffike, launin toka, tsawonsa bai kai santimita 1 ba. Da rana yana ɓuya cikin ganye, da dare ya fito. Mace guda tana iya yin ƙwai fiye da 200. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe tana shiga tsakiyar ganye, tana huda ɗan tumatir. Da yake tana ciki, maganin feshi ba ya samunta sosai. Cikin kamar wata 1 ita ma ta zama uwa. Don haka gara a kashe uwar tun ba ta yi ƙwai ba.

Yadda ake haɗa tarko

Ƙwaron yana bin haske. Wannan halin nasa shi ne ajalinsa.
1. A samo daro mai faɗi, a zuba ruwa.
2. A sa ɗan garin sabuni. Shi ke sa ƙwaro ya nutse.
3. A ɗora fitila mai aiki da hasken rana a kan dutse a tsakiyar daro.
4. A kunna ta da magariba.
5. Da safe a ƙidaya ƙwarin, a rubuta adadi a littafi, a sake ruwa.

Idan adadi yana ƙaruwa kullum, manomi ya sanar da malamin gona da maƙwabtansa.

A kula

Fitila tana kiran ƙwari daga nesa. Mai renon iri a cikin rumfar raga ya ajiye tarko ciki, ya ɗinke duk wata ɓula, ya rufe ƙofa. A garka ta fili, a ajiye shi a gefe, kada a tsakiyar shuka. Tarko yana kashe ƙwari masu amfani su ma, saboda haka a kashe fitila idan ɓarna ta lafa.

Tarko ba ya kama tsutsar da ta riga ta shiga ganye. Sai a tsinke ganyen da ta kama, da ruɓaɓɓen tumatir, a binne su da zurfi. Bayan girbi a ƙone karan.

Tambayoyi
1. Me ya sa ake zuba sabuni cikin ruwa?
2. A garka ta fili, ina ake ajiye tarko?
3. Ranar Litinin manomi ya kama ƙwari 18, Talata ya kama 45. Nawa suka ƙaru?