Shin Bitamin D Na Sauƙaƙa Haihuwa?

Malama, kin tambaya ko ƙwayar bitamin D na sauƙaƙa haihuwa. Aikinta tabbatacce shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin kalsiyam, ƙashin uwa da na jariri su yi ƙwari. Batun hana jijjiga ko haihuwar bakwaini kuwa, bakin masu bincike bai zo ɗaya ba. Shi ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar kowace mai ciki ta sha ba. Wani zai ce ai a Ingila ana cewa masu ciki su sha maikirogiram 10 kullum. Haka ne, amma can rana kan yi ƙaranci na tsawon watanni, alhali haskenta ne ke sa fata ta samar da bitamin D. Idan kina wuni a ɗaki, ki sanar da malamar awo kafin ki saya.