Gadin Asibiti

Ya kai mai karatu, mai gadin kanti ya kan kulle ƙofa har gari ya waye. Mai gadin asibiti ba shi da wannan dama, gama ciwo bai san dare ba.

A Jangebe ta ƙasar Talata Mafara, ran 26 ga Fabrairu, 1921 da ɗari, watau 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata da dare, suka kwashe ɗalibai 279. Saboda haka in an buga maka ƙofa da tsakar dare, dole gabanka ya faɗi. Amma wataƙila mai naƙuda ce aka kawo daga ƙauye.

Kada ka buɗe da garaje, kada kuma ka yi kunnen uwar shegu. Haska fitila, ka tambayi garinsu, ka dubi hannuwansu. In ka ga majinyaci, buɗe, ka ruga ka ta da malamin asibiti.