Darasi: Yaya salula take gane baƙaƙe?

Ranar Alhamis a Kara-Kara, cikin Damagaram, wani baƙo ya gan ni ina rubutu da salula. Ya ce: "Malam, wa ya koya wa wannan abu boko?"

Na ce masa: ba ta san baƙi ko ɗaya ba, lamba kaɗai ta sani.

Salula ƙaramar kwamfuta ce. Cikinta akwai ƴan makunnai masu yawa. Kowane kamar fitila yake: in yana kunne, 1 ke nan, in yana kashe, 0. Da waɗannan biyu take haɗa kowace lamba.

Kowane baƙi yana da lambarsa. A 1991 aka fito da tsarin Unicode, mai ba baƙaƙen duniya lambobi. A ciki k tana da 107, ƙ tana da 409. In ka taɓa ƙ, 409 ke tafiya. Salular ɗan'uwanka ta karɓa, ta zana ƙ.

Jama'a, a kula! Abin da ka taɓa shi ke isa. Kana nufin ƙura ta rufe gari, a karanta kura.

Aiki: rubuta kalmomi 3 masu ƙ.