Ladabin Hadimi Wajen Zaunar da Baƙi a Taron Maulidi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW).

'Yan'uwa, idan daren 12 ga Rabi'ul Awwal ya zo, Bande kan karɓi baƙin Maulidi daga Magarya, Dungas da Damagaram, har da na tsallaken iyaka. Zaunar da su hidima ce, kuma tana da ladabi.

Hadimi ya keɓe shimfiɗar sharifai, muƙaddamai da mahaddata tun kafin jama'a su taru. In ya yi sakaci wuri ya cika, ƙarshenta sai ya tayar da dattijo talaka saboda babban baƙo, dattijon ya tafi da ciwo a zuciya, wataƙila ba zai ƙara leƙo zawiya ba. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Umar cewa Annabi (SAW) ya hana a tayar da mutum daga mazauninsa wani ya zauna. Aya ta 11 cikin Suratul Mujadala kuma ta umarci muminai su yalwata wa juna majalisa.

Saboda haka ka tarbi baƙo da sallama da sakin fuska, ka shige gabansa har mazauninsa. In wuri ya ƙure, ka roƙi 'yan'uwa cikin taushin murya su muskuta.

Allah Ya karɓi hidimarmu albarkacin Annabi (SAW). Amin.