Hawan jini: ki san lambobi biyu da ke cikin karnenki

Uwargida, duk ranar da kika je awon ciki a CSI, ungozoma takan ɗaura miki maɗauri a dantse, ta hura masa iska, sannan ta rubuta lambobi biyu kusa da haruffan TA. Wannan shi ne awon tansiyo, wato ƙarfin da jini yake tura bangon jijiyoyi da shi.

Ma'anar lambobin

Lambar farko, babba, ana kiranta sistolik: ƙarfin jini sa'ad da zuciya ta matse ta tura shi. Ta biyu, ƙarama, ita ce diyastolik: ƙarfinsa sa'ad da zuciya ta saki tsakanin bugu biyu. A Nijar an saba cewa 12/8, na'urar zamani kuwa tana nuna 120/80. Abu guda ne. Idan awo ya kai 14 a sama ko 9 a ƙasa, aka sake gwadawa bai sauka ba, shi ake kira hawan jini.

Hawan jini ba yawan jini ba ne

Mace tana iya fama da ƙarancin jini da hawan jini a lokaci guda. Saboda haka kada ki daina shan ƙwayoyin ƙarin jini don an ce tansiyonki ya hau.

Kafin a auna ki

Minti 30 kafin awo, ki bar goro, shayi da kofi. Ki yi fitsari, ki huta minti 5. Ki zauna ki jingina bayanki, tafin ƙafafunki a ƙasa, hannunki a kan tebur daidai da ƙirji. Kada ki yi magana har a gama.

Alamun haɗari

Sau da yawa hawan jini ba ya nuna alama, awo ne kaɗai ke tona shi. Daga mako na 20 na ciki har bayan haihuwa yana iya kai mace ga jijjiga, ya kuma hana ɗan da ke ciki girma. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, ko ciwo a ƙasan haƙarƙari: ki tafi likita nan take, ko da dare ne.

Tukunyar gida

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi yake ci a yini ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen miya da kanwa suna cikin lissafin. Ki rage su, ki zaɓi gishiri mai iyod, amma wannan ba ya ɗauke miki zuwa awo.

Ga rele

Idan kun shiga gida, ku duba karnen mai ciki. Wadda ba a auna ba, ko aka rubuta mata 14/9 ko fiye ba ta koma ba, ku yi magana da maigidanta, ku raka ta CSI a ranar.