Karatun Likita a Ƙasar Waje: Ta Ina Za a Fara?

Tambaya: Ɗana ya gama sakandare a Isa, yana son karatun likita a ƙasar waje. Ta ina za mu fara? Daga wani uba a Sabon Birni.

Amsa: Malam, ku fara da tunanin ranar da zai dawo. Duk wanda ya karanci likitanci a waje ba zai duba marar lafiya a Najeriya ba sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ya kuma yi shekara guda yana horo a asibiti. Saboda haka kafin ku sayar da saniya ko buhunan gero ku miƙa wa dillali, ku tabbatar hukumar ta san da jami'ar, kuma tana da asibitin koyarwa inda ɗalibi ke taɓa majinyata da hannunsa. Takardar shiga kuwa ta fito daga jami'ar kanta.

Za ku ce gurbin likitanci a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ya yi kaɗan. Gaskiya ne, amma karatun na waje shekara shida ne, kuma da kuɗin waje ake biya. Faɗuwar naira tun 2023 ta hana iyaye da yawa ƙarasa biya, yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023 kuma sun koro ɗalibanmu gida karatu bai ƙare ba. Maraɗi tana kusa da ku, tana da jami'a, sai dai da Faransanci ake koyarwa. Idan kuɗin shekara shida bai tabbata ba, ɗanku ya zana jarrabawar JAMB.